Daga madugu zuwa direban dogon baro: yadda kaya ke isa ƙauyukan Kurfai

Nijar ba ta da teku, kuma har yau ba ta da jirgin ƙasa mai aiki. Kowane ɗan aji shida ya haddace wannan jimla. Abin da ba mu cika bayyana wa yaran ba shi ne ma'anarta: kwalin allin da muke rubutu da shi, da ƙwayar maganin zazzaɓi, da galibin shinkafar da ake tuƙawa a gidajenmu, wani mutum ne ya zauna bayan sitiyari kwana da kwanaki ya kawo su. Littattafan tarihinmu cike suke da sarakuna da gwamnoni da sojoji, amma direban babbar mota bai samu ko layi ɗaya ba. Ni kuwa a ganina, duk mai son fahimtar tarihin yankin Filinge na shekaru ɗarin nan, to ya bi sawun taya.

Tabla, inda nake rubuta wannan, tana bakin hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara, ta wuce Bonkuku, ta nufi Filinge, tafiyar kilomita kamar 180 daga babban birni. Hanyar tana bin kwarin Dallol Boso, tsohon gulbin da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya tuna. Wanda ya tsaya kan kwalta zai ɗauka komai kusa yake. Sai ka sauka daga kwaltar ka nufi ƙauyukan da ke kan tudu, ko waɗanda ke arewa wajen Abala da Sanam, sannan za ka san nisa. Da rani rairayi ke riƙe mota. Da damina ƙorama ɗaya ta isa ta raba gari da duniya kwana uku ko mako guda. A jiharmu ta Tillaberi akwai tsibirai na gaske cikin kogin Kwara, wajen Sinder da Ayoru, inda mota ke sauke kaya a gaɓa, kwale-kwale ya ƙarasa da su. Mutanen can sun san a tsibiri suke, sun tanadi jirginsu. Namu ƙauyukan kuwa tsibirai ne na lokaci-lokaci, kuma jirginsu ɗaya ne: babbar motar nan da muke kira dogon baro.

Kafin mota, aikin nan na fatake ne. Jaki da takarkari da raƙumi su ke ɗaukar hatsi da kanwa da gishiri da tufafi, madugu na gaba, shi ya san rijiya, shi ya san inda ake zango da inda ake biyan fito. Da Faransawa suka kafa mulki a farkon ƙarnin da ya wuce, sai suka ƙara wani abin hawa, wato kan ɗan Adam. An riƙa ɗebo maza daga ƙauyuka su yi dakon kayan kwamanda, a kuma sa su sare daji su share hanyoyi ba lada. Wannan aikin tilas bai ƙare a doka ba sai a 1946. Saboda haka hanyoyin farko da mota ta bi a ƙasar nan, kakanninmu ne suka share su da hannu, ba kuma don amfanin kansu ba.

Akwai wani labari na ƙasar Kurfai da ya nuna yadda mutanenmu suka ɗauki mota tun farkon ganinta. A ƙarshen 1924 ayarin motocin kamfanin Citroën ya ƙetare Sahara ya biyo ta Yamai ya wuce Damagaram. Shekara guda bayan haka, a 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wani sabon nau'in bori ya ɓullo a kan wata mata mai suna Shibo. Hausawa suka kira shi Babule, Zabarmawa suka ce Hauka. Masu wannan bori suna kwaikwayon sojoji da jami'an mulkin mallaka, suna fareti, suna ƙin bin sarakunan da Nasara ya naɗa. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya kama su ya kulle, har sunansa ya shiga cikin borin a matsayin Kwamanda Mugu. Ƴan cin rani suka tafi da abin har Gwalkwas, wato Ghana ta yau, inda Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu kusa da Accra a 1954. To, cikin iskokin da suka hau mutane a fim ɗin, ban da gwamna da janar da kofur, akwai direban jirgin ƙasa, akwai kuma wani mai suna Mai Mota, direban babbar mota. Ba zancen halascin bori nake yi ba, wannan malamai sun gama magana a kansa. Shaida ce ta tarihi: da talakawan nan suka ƙirga abubuwan da ƙarfin Nasara ya tsaya a kansu, sun sa direba sahu ɗaya da janar.

Ba su yi kuskuren lissafi ba. A 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona, yunwa ta kashe dubban mutane a yammacin Nijar, alhali ana ci gaba da karɓar haraji. A lokacin motoci ƙalilan ne a ƙasar, kuma na hukuma ne da kamfanonin Turawa. Garin da rumbunsa ya ƙare ba abin da zai zo masa daga nesa, sai dai mutanensa su tashi da ƙafa su bi hatsin inda yake. Maganin da Faransawa suka kawo bayan haka shi ne tilasta wa kowane ƙauye ajiye rumbun tsimi, kamar dai suna cewa kowane tsibiri ya ji da kansa.

Babbar mota ta zama jijiyar ƙasar nan ne a shekarun 1950, kuma gyaɗa ce ta jawo ta. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram a da ta Kano take bi, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ikko. Faransawa ba su so kuɗin sufurin yana tafiya hannun Ingilishi ba, sai suka tsara abin da suka kira Opération Hirondelle: jirgin ƙasa ya ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Paraku, inda layin dogon ya tsaya tun 1936 bayan kilomita 438, daga nan manyan motoci su haura da su Nijar, su kuma koma da gyaɗa don kada su tafi wayam. Aka gina gada tsakanin Malanbil da Gaya a ƙarshen shekarun, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN a 1959, wadda daga baya ta koma OCBN. Bayan ƴancin kai gwamnati ta kafa kamfanin sufuri na SNTN. Layin dogon kuwa bai taɓa wuce Paraku ba. Wanda aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso, aka yi bikin buɗe shi a 2016, yana nan kwance bai ɗauki buhu ko ɗaya na ɗan kasuwa ba. Ke nan tsakanin teku da Yamai akwai tafiyar sama da kilomita dubu, tsakanin Yamai da ƙauyen da ke bayan Abala akwai wata tafiyar, kuma ta biyun ta fi ta farkon wuya.

Bari in ɗan tsaya a kan aikin kansa, don yawancinmu daga nesa muke ganinsa. Direban hanyar daji ba ya tafiya shi kaɗai, yana tare da aparanti ɗaya ko biyu, waɗanda muke raina wa da sunan karen mota. In an shiga rairayi, su ke sauka su rage iskar taya don ta baje, su haƙe ƙarƙashinta, su shimfiɗa faranti ko rassan itace, mota ta matsa taku goma, su kwashe su sake shimfiɗawa. In an tsaya a gangare, aparanti ne ke gudu da weji. In an iso ƙorama mai gudu, shi ke shiga da ƙafa ya gwada zurfinta da ƙarfin ƙasan. Direban kuma dole ya zama makanike, domin in famfon gazuwal ya toshe ko sifirin ya karye a dajin da ba kowa, ba gareji sai shi. Dole ya zama mai lissafi: kuɗin mai, kuɗin shingaye, kason mai mota, da abin da zai ɗauko a komowa. Motar da ta kai shinkafa da sukari da siminti ba ta dawowa haka nan, tana sauko da dabbobi zuwa kasuwar Lahadi ta Baleyara, ko wake da harawa, ko dankalin Turawan Bonkuku in lokacinsa ne. Yaro yakan yi shekaru yana wanke mota yana kwana ƙarƙashinta kafin a miƙa masa sitiyari. Makaranta ce sosai, sai dai ba ta ba da takarda.

A farin 1973 da 1974 ne ƙasa ta gane cewa rayuwarta na kan wannan sana'a. An kafa hukumar abinci ta OPVN tun 1970, ƙasashen waje sun aiko da hatsi, amma hatsin da ke jibge a tashar jirgin ruwa ko a sito a Yamai bai ƙosar da kowa a Kurfai ba. Ga ƙarancin motoci, ga lalacewar hanya, ga kuma zargin manya suna karkatar da taimakon. Wannan zargi na cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da suka kifar da Diori Hamani. Wanda ya karɓi mulki, Seyni Kountché, ɗan Fandu ne a nan yankin Filinge, kuma cikin ayyukansa na farko akwai sa motocin soja su yi jigilar hatsi zuwa karkara. Shekara goma bayan haka wani farin ya dawo, ya kuma haɗu da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi a 1984. Shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar wannan shekara El Buhari. Ku duba sunan da kyau. Ba a sa mata sunan fari ko na fara ba, sunan wanda ya tare hanyar mota aka sa mata.

Akwai kuma kayan da ba a ɗaure su da igiya. Kafin wayar salula da kamfanonin aika kuɗi, direba ne gidan waya. Ɗan cin rani a Abijan ko Kumasi yakan ba da kuɗi da wasiƙa, wani lokaci da kaset ɗin da ya naɗi muryarsa, su bi hannu-hannu har su iso tashar Filinge, daga nan direban ƙauye ya kai wa tsohuwa har ƙofar gida. Ba rasiɗi, ba sa hannu. Direban da ya ci amana sau ɗaya ya gama aiki a wannan hanya. Ba ina wanke su duka ba ne. Mun ga lodin da ya wuce hankali, mutane a saman buhuna, buhuna a saman dabbobi, mun kuma yi jana'izar da wannan lodin ya jawo. Mun ga masu ninka kuɗin mota daidai lokacin da mutane suka fi matsuwa. Amma mai zargin direba kan lodi ya tuna cewa in motar nan ta bar mutum a tasha, wata ba za ta zo ba sai kasuwa mai zuwa.

A shekarun nan an samu wani sabon ruwa da ke kewaye garuruwanmu, wato tsoro. Tun 2017 sassan jihar Tillaberi ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A farkon 2020 aka hana hawa babur, abin da ya mayar da nauyin kusan duk zirga-zirgar karkara kan motocin kasuwa. Ranar 15 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu, maƙwabtanmu ta arewa maso yamma, aka kashe mutum 58 a hare-haren wannan rana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, hanyar Kwatano da aka dogara da ita shekara saba'in ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren gadar Gaya a rufe. Manyan motoci suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja, bayan direbobi sun yi makonni suna jiran a tara ayarin. A Janairun 2025 wasu direbobi huɗu ƴan Maroko suka ɓace a tsakanin Dori da Tera, sai bayan watanni aka sako su. Ayari, rakiya, jira a zango, fargabar mahara: madugun da ya rasu shekara ɗari da suka wuce, da zai tashi, ba abin da zai zame masa baƙo in ban da ƙarar inji.

Mu malamai abin yana taɓa mu kai tsaye. Makarantu na buɗewa ne a watan Oktoba, daidai lokacin da damina ta gama cinye hanyoyi ba a gyara ba. A wani ƙauye da na taɓa koyarwa a arewacin Filinge, littattafan rubutu da abincin kantin ba su iso ba sai da aka yi makonni da buɗewa, kuma ranar da suka iso, direban da yaransa sun kwana biyu a bakin wata ƙorama suna jiran ruwa ya janye. Kafin nan yaran da ke zuwa daga rugage masu nisa sun riga sun daina zuwa, don ba abincin rana, wasunsu kuma ba su dawo ba har shekarar ta ƙare. A rahoton ƙarshen shekara an rubuta su cikin waɗanda suka bar makaranta saboda sakacin iyaye.