Daga Karkandar Dürer Zuwa Tsuntsayen Schouman

Fiye da shekara 200 Turawa suna zana karkanda da ji-ta-ji-ta. Hoton da Bajamushen nan Albrecht Dürer ya yi a 1515, alhali bai taɓa sa dabbar a ido ba, shi kowa ke kwafa: fata kamar sulke, ga wani ɗan ƙaho a doron wuya da Allah bai halicce ta da shi ba.

Ƙasar Holan ta taka rawa wajen gyara wannan kuskure. A 1741 wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, Douwe Mout van der Meer, ya sauka Rotterdam da 'yar karkanda daga Indiya, wadda ta yi suna da Clara. Jan Wandelaar ya je ya ƙare mata kallo, sannan ya zana ta tana kiwo abinta a bayan ƙwarangwal ɗin mutum, cikin littafin sassan jiki na Albinus, malami a Leiden. Me ya haɗa karkanda da ƙwarangwal? Ado ne kawai, sai dai daga rayayyar dabba aka ɗauko shi.

Wanda ya fi cin moriyar wannan yayi na zana dabba da ranta shi ne Aert Schouman, haifaffen Dordrecht a 1710. Yarima Willem na Biyar na Holan yana da gidan namun daji a Kleine Loo, kusa da Hague, cike da abin da jiragen fatake ke kwasowa daga nahiyoyi masu nisa. A can Schouman ya ga tsuntsaye da ransu, ya bi launin gashinsu da yadda suke dafe reshe, da fentin ruwa. Mai kula da gidan, Arnout Vosmaer, ya sa zane-zanensa cikin bayanan dabbobin da ya wallafa.

Kasuwa ma ta taimaka. Attajiran Amsterdam, irin su Cornelis Ploos van Amstel, suna tara zane na takarda cikin manyan kundaye, su hallara a teburi ana miƙa wa juna ɗaya bayan ɗaya, ana yabo ana kushe. Mai saye yana son aiki kammalalle mai launi, masu zane kuwa suka ba shi abin da yake so.

Schouman ya rasu a 1792. Shekara uku bayan haka sojojin Faransa suka shigo Holan, Willem ya tsere Ingila, daga bisani aka kwashe dabbobinsa zuwa Paris, har da giwaye biyu, Hans da Parkie.

An daɗe ana kiran wannan ƙarni na 18 zamanin koma-bayan zane a Holan, wai bayan babban mai zane Rembrandt babu sauran gwani. Ta fuskar zanen dabbobi dai, an yi wa ƙarnin rashin adalci.