Distiributa da Kanikawan Hanyar Yawuri

Duk wanda ya tashi a ƙasar Shanga, Yawuri ko Ngaski ya san cewa bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa zuwa Koko da Jega ta ƙara zama jijiyar arzikinmu. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, sai 504 ta mamaye wannan hanya, tana jigilar fasinja da bandar kifi da albasa.

Ran wannan mota kuwa yana cikin wata 'yar na'ura da kanikawa ke kira distiributa, wadda asalin tsarinta ya fito daga hannun Charles Kettering na Amurka wajajen 1910. Aikinta shi ne karɓar wuta daga kwayil ta raba wa fulogi huɗu bi da bi: na 1, na 3, na 4, sannan na 2. Idan ta gaji, mota ta dinga tari ke nan, ko ta mutu a tsakiyar daji.

Canza ta ba aikin gaggawa ba ne. Bakanike zai juya inji har fistin na ɗaya ya hau sama, ya yi alama inda rota ke kallo, ya zare tsohuwar, ya zura sabuwar a daidai wannan mazauni. Waya ɗaya ta kauce, injin ba zai zauna lafiya ba. Daga nan sai ya dinga murɗa ta a hankali yana saurare, har kunnensa ya shaida masa taimin ya daidaita. Ba a aji aka koyi wannan ba. A gindin bishiya aka gaje shi, daga maigida zuwa yaronsa.

Yau motocin da ke shigowa kwamfuta ce ke raba musu wuta, kunne kaɗai ba ya gano cutarsu. Dattawan sana'ar suna ƙarewa, yaransu kuma ba su da na'urar gwaji. 'Yan'uwa mazauna Abuja, Kaduna da Legas, da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Mu ɗauki nauyin horar da matasanmu aikin zamani tun iyayen gidansu na raye, don kada gyaran motar gida ya koma sai an je Kontagora.