Darakta da Iyaka: Tarihin Fim ɗin Hausa Daga Ƙofar Jibiya



Abin da zan yi magana a kai shi ne sana'ar darakta, watau mai ba da umarni wajen shirya fim, da yadda matsayinsa ya yi ta sauyawa a ƙasar Hausa. Na zaɓi in dubi lamarin daga Jibiya, ba daga Kano ba, domin a bakin iyaka ne ake gane wanda ya mallaki kaya da wanda ya yi wahalar ƙera su kawai.

Jibiya tana kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Maraɗi. Hanya ce ta 'yan uwa. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, har yau kuwa mai sarautar garin Sarkin Katsina ake kiransa. Layin da ya raba garuruwan biyu Ingila da Faransa ne suka shata shi, a yarjeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Layin ya raba kuɗi, ya raba makaranta, ya raba harshen ofis, amma bai raba harshen gida ba. Wannan shi ne ginshiƙin dukan abin da zai biyo baya.

A ɓangarorin biyu, darakta na farko ba ɗan kasuwa ba ne. A Nijeriya sinima ta iso wa talaka ne ta hanyar majigi, wanda gwamnatin mulkin mallaka take yawo da shi a mota gari-gari, ana haska fina-finan tsabta da noma irin su Baban Larai. Mai shirya irin wannan fim ma'aikacin gwamnati ne, yana da albashi da fansho, bai kuwa damu da ko an sayi tikiti ba, tun da kallon kyauta ne. Daga wannan makaranta Adamu Halilu ya fito, wanda ya shirya Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuɗin gwamnatin tarayya. A 1979 aka kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda mazauninta yake Jos.

A Nijar kuwa hanyar daban ce. Bafaranshen nan Jean Rouch ya jawo matasa cikin aikin, daga cikinsu har da Oumarou Ganda, wanda ya fito a fim ɗin Moi, un noir a 1958, daga baya ya zama darakta. Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962. Ganda ya yi Cabascabo, sa'an nan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. A wannan tsari na Faransa, fim na darakta ne kamar yadda littafi yake na marubuci, da sunansa ake kiransa. Sai dai masu kallon sun fi yawa a bukukuwan Turai bisa ga Maraɗi ko Tasawa. Abin lura ne cewa Sarraounia, labarin sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, Med Hondo ɗan Muritaniya ne ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso kuma aka ɗauke shi. Labarin ƙasar Hausa ne, amma bai bi ta Jibiya ba.

Abin da ya rushe tsarin Nijeriya kuɗi ne. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sayen zaren fim da wanke shi a Landan ya gagari kowa. Ana nan sai ga kyamarar bidiyo mai araha, ga na'urar kallon kaset ta shiga gidaje. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarninsa, shi ne kuwa ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Cikin shekara goma sana'a ta kafu. Sangaya na Aminu Muhammad Sabo ya fito a 1999, Wasila na Ishaq Sidi Ishaq a 2000. A 1999 ne mujallar Fim ta fara fitowa, a shekarar kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, mu ga yadda kuɗi suke zagayawa, domin a nan ne matsayin darakta ya faɗi. Furodusa shi ke nemo jari. Shi zai ɗauki darakta, ya biya shi ladan aiki sau ɗaya, a rabu. In an gama tacewa, furodusa ya buga kwalayen kaset, ya kai su wurin dillalai a Ƙofar Wambai da Bata tare da uwar kaset. Dillali ya kwafa a kan kaset ɗinsa, ya sa a kwali, ya sayar, yawanci sai kaya sun shige sa'an nan ya biya kuɗin kwali. Watau abin da furodusa yake sayarwa takarda ce, ba hoto ba. Wanda ya iya buga irin takardar, ko ya sami mai sayen kaset ba kwali, ya huta da biyan kowa.

To, ku ɗauki wannan tsari ku kai shi Jibiya. Ɗan kasuwar Maraɗi ya sari kaya a Kano, ya biyo ta Katsina, ya ƙetare. Daga nan kaset ya wuce Damagaram da Tawa da Yamai da Agadas, inda ake kallo a gidaje da rumfunan shayi da ɗakunan kallo na unguwa. Kwafi ɗaya yana haifar da wasu, ba wanda zai ƙirga. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya iyakarta shingen kwastan, harshen da ke cikin fim kuwa ba ya neman izinin shiga. Sakamakon haka daraktan Kano ya sami abin da Oumarou Ganda bai samu ba, watau talakawan Nijar suna kallonsa, ya kuma rasa abin da Ganda ya samu, watau a san sunansa. Mai saye a kasuwar Maraɗi fuskar ɗan wasa yake dubawa a kwali, ya tambayi waƙa nawa ce a ciki. A ganina ba adalci ba ne a ɗora wa daraktocin wancan zamani laifin yawan rawa da waƙa irin ta Indiya su kaɗai. Jama'a sun shekara da shekaru suna kallon fina-finan Indiya a gidajen sinima na Kwarori, dillali ya san haka, shi ne kuwa yake faɗin abin da zai karɓa.

Hanyar ba kaya kaɗai ta ɗauka ba. 'Yan wasa sun riƙa zuwa biranen Nijar yin wasan gala, 'yan Nijar kuma suka shigo Kano neman sana'ar, misali mawaƙiya Fati Nijar, wadda ta fito daga Maraɗi.

Ta fuskar hukuma ma darakta bai huta ba. An kafa hukumar tace fina-finai ta tarayya a 1993. Jihar Kano ta dakatar da sana'ar a ƙarshen 2000, ta kafa tata hukumar a 2001, aka sake tsanantawa a 2007, har wasu suka koma aiki a Kaduna da Jos.

Iyakar kanta ta sha rufewa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, kafin zamanin bidiyo. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai 2022, sa'an nan aka kuma rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Masu hatsi da dabbobi da direbobi sun ji jiki ƙwarai. Amma fim ya riga ya daina hawa mota. Kasuwar faifai ta durƙushe, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, fina-finai masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, suka koma talabijin da YouTube. A wannan sabon tsari darakta yakan mallaki tasharsa, ya ga adadin masu kallo da ƙasashen da suke, sunansa kuma ya dawo gaban fim. Dillalin Ƙofar Wambai ya kau, wani ya maye gurbinsa: kamfani ne a Amurka, wanda yake biya gwargwadon talla, farashin tallar kuwa ya dogara ga ƙasar da mai kallo yake zaune, ba yawan masu jin harshen ba. Saurayin da ke Ɗan Isa wanda ba shi da kuɗin intanet yakan kai wayarsa rumfar masu tura fim, a zuba masa kashi goma a kan 'yan kuɗi kaɗan, wannan kallon kuwa ba ya shiga lissafin kowa.