Tapas: Tarihin Gudun Duniya da Horar da Zuciya a Addinin Hindu

Kalmar tapas, wadda malaman addinin Hindu ke nufin ƙuntata wa jiki da horar da zuciya da ita, ta fito ne daga harshen Sanskrit, kuma ma'anarta ta asali ita ce zafi, domin mutanen Indiya na dā sun ɗauka cewa duk wanda ya jure yunwa, ya kame bakinsa, ya danne sha'awarsa, wani irin zafi ne ke taruwa a cikinsa har ya rikiɗe ya zama iko. Kalmar ta bayyana tun a Rigveda, kundin waƙoƙin ibada mafi daɗewa a wannan addini, wanda masana ke ƙiyasin an tsara shi tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka danganta tapas da farkon halitta, aka kuma siffanta wasu masu ibada masu dogon gashi da suka yi wa zaman gida ƙaura.

A hikayoyin da suka biyo baya, tapas ya fi kama da ciniki a kan tsarkake zuciya, saboda mai wahalar da kansa yana tara iko ne har sai ya tilasta wa alloli biya masa buƙata, ko da kuwa mugu ne. Ta wannan hanya Ravana, azzalumin sarkin Lanka a hikayar Ramayana, ya samu kariyar da ya yi ta ɓarna da ita, kuma tsoron irin wannan iko ne ya sa Indra, sarkin alloli, ya tura kyakkyawa Menaka ta karya himmar mai ibada Vishvamitra. Daga cikin nau'o'insa akwai panchagni, wato wuta biyar, inda mai ibada ke zama tsakiyar wuta huɗu da tsakar rani, rana a bisa kansa ta cike ta biyar. Masu kallon finafinan Indiya a Kano ko Damagaram sun saba ganin irin waɗannan bayin, da ake kira sadhu, da cukurkuɗaɗɗen gashi da toka a jiki.

Sai dai su kansu mabiya Hindu ba su saki jiki da kowane mai gudun duniya ba, kuma shaidar hakan tana nan a sassaƙe a jikin wani katafaren dutse a garin Mahabalipuram na jihar Tamil Nadu, aikin zamanin sarakunan Pallava a ƙarni na 7. A sama an sassaƙa wani mutum tsaye da ƙafa ɗaya, hannayensa a miƙe bisa kansa, haƙarƙarinsa duk a waje, wanda wasu masana ke cewa Bhagiratha ne da ya sauko da kogin Ganga daga sama, wasu kuma su ce jarumi Arjuna ne. Can ƙasa kuwa, kusa da giwaye, ga wata kyanwa tsaye da ƙafafun baya tana kwaikwayonsa, ɓeraye sun kewaye ta hankalinsu kwance. Masassaƙin ya san Musa a baki, Fir'auna a zuci, kuma bai ji nauyin nuna shi a wurin ibada ba.

Gyara mafi tasiri ya zo ne daga Bhagavad Gita, littafi mai babi 18 da baiti 700 da ke cikin hikayar Mahabharata. Babi na 17 na Gita ya raba tapas gida uku: na jiki, wato tsafta da girmama malamai da kamewa daga cutar da kowa, na harshe, wato gaskiyar da ba ta ƙona ran mai ji, da na zuci, wato natsuwa da mallakar kai. Ya kuma kushe wanda ake yi don neman yabo, da wanda ake yi da azabtar da kai ko nufin halaka wani. Haka Patanjali, mai littafin Yoga Sutra, ya sa tapas cikin niyama, ɗabi'u biyar na gyaran kai, a jere da tsafta da wadatar zuci da karatu da miƙa wuya ga Ubangiji. Da wannan aka sauko da tapas daga daji zuwa cikin gida, har magidanci ya samu rabonsa a azumin ekadashi, ranar 11 ga kowane rabin wata, da kuma kalpavas, zaman wata guda a bakin kogi a Prayagraj, ana kwana a ƙasa, ana cin abinci sau ɗaya a yini.

Mahatma Gandhi ne ya kai wannan gado fagen siyasa. Ya ɗauki alwashin brahmacharya, wato ƙaurace wa jima'i, a 1906 yana Afirka ta Kudu, kuma a 1924 ya yi azumin kwana 21 a Delhi don sasanta Hindu da Musulmi. Amma tsohuwar tuhumar nan ta tilastawa ba ta bar shi ba, domin azuminsa na 1932 a kurkukun Yerawada ya matsa wa B. R. Ambedkar, jagoran al'ummar Dalit da ake ƙyama, ya janye buƙatar rumfar zaɓe ta daban a madadin ƙarin kujeru, abin da Ambedkar ya ɗauka a matsayin tursasawa, kuma yana da hujja. Azuminsa na ƙarshe ya fara ranar 13 ga Janairu 1948 saboda zubar da jinin da ya biyo bayan raba Indiya da Pakistan, ya sha ruwa ranar 18 bayan shugabannin al'ummomin Delhi sun sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya, kwana 12 bayan haka Nathuram Godse ya harbe shi a hanyarsa ta zuwa taron addu'a.