Kashin Shanu Ba Shara Ba Ne

Takardun furoje masu magana a kan biyogaz kusan duk da kalma ɗaya suke farawa: déchets. In an zo fassara wa mutanen karkara sai a ce "shara". A ganina tun daga nan zancen yake karkacewa. Je ka Icirnawa, ko wani gari na gundumar Kance, ka nuna wa manomi turken shanunsa ka ce ga shara, ka ga irin kallon da zai yi maka. Abin da faransanci ya ƙunshe a kalma guda, Hausa ta rarraba shi: akwai ɗanyen kashin shanu, in ya bushe ya zama kandilo, in ya ruɓe ya zama taki, ga kara, ga harawa, ga ƙaiƙayi, ga ɓawon gyaɗa, ga toka. Kowanne da mai shi, wasu har da farashinsu ranar kasuwa. Shara ta gaskiya a wurinmu leda ce, ita kuwa jiya-jiya ta zo.

Wannan rabe-raben kalmomi tarihi ne ya haife shi. Da can, in kaka ta wuce, manomi ne ke neman Bafulatani ya sauka a gonarsa da garke. Shanu su ci kara, su kwana, su bar taki, mai gona ya ba da dami ko abinci. A kewayen Kano kuwa, Michael Mortimore, wanda ya yi bincike can a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da mangalar taki zuwa gonaki. Juji kenan ya zama haja. Har dokar da ake danganta wa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ta hana saran gawo, da taki take tafe. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi inuwa da rani. Dabbobi su taru ƙarƙashinsa cin ƴaƴa, su zubar da kashi nan. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili kyau.

Tsarin ya tsinke a ƙarni na ashirin. Noman gyaɗa ya faɗaɗa gonaki, mutane suka ƙaru, daji ya ja baya, sai ga farin 1973 da 1974, sannan na 1984, yunwar da mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari. Itace ya yi wuya. Iyayenmu mata suka koma girki da kara da kandilo, kuma duk kandilon da ya shiga murhu daga bakin gona aka ƙwace shi. Abin da ya sassauta lamarin ba na'ura ba ce: manoma ne suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna sassabe da hankali. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kimanin hekta miliyan ɗaya a Magarya, Matameye da Mirya, yawancinsu gawo.

To ina biyogaz a cikin wannan labari? Shi ma tsoho ne. A 1776 Alessandro Volta ya tara iskar da ke tasowa daga taɓon tafkin Maggiore a Italiya, ya ga tana kama wuta. A 1895 birnin Exeter na Ingila ya kunna fitilun titi da iskar ƙazantar gari. Amma Indiya da Sin ne suka kai abin ƙauye. Indiyawa suna ce masa "gobar gas", don gobar a Hindi kashin shanu ne. (Kada wani ɗan ajinmu ya rubuta cewa daga nan "gobara" ta samo asali, don Allah. Kama ce ta sauti kurum.) A Sin an haƙa miliyoyin ramuka a shekarun 1970, musamman a lardin Sichuan, kuma da yawa sun mutu cikin ƴan shekaru saboda ginin gaggawa da yoyon iska. Kusa da mu, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta yi aiki a kai, Burkina kuma ta kafa shirin ƙasa wajen 2009, an gina dubbai a gidajen manoma.

Aikin kansa ba shi da sarƙaƙiya. A dama ɗanyen kashi da ruwa kusan daidai wa daida, a zuba a rufaffen rami inda iska ba ta shiga. Ƙananan halittu su cinye shi su saki iska wadda fiye da rabinta metan ce, a ja ta da tiyo zuwa murhu. Abin da ya fi burge ni shi ne tsakin da ke fita ta ɗaya ɓangaren: taki ne har yanzu, da ƙarfinsa. Wato gardamar da ta ɓarke tsakanin murhu da gona a shekarun fari, ramin nan yana iya raba ta, kowa ya samu rabonsa daga kashi ɗaya.

Sai dai, ƴan uwa, a yi lissafi. Ƙaramin ramin gida yana cin kashi aƙalla kilo 20 kowace rana, da ruwa kamar lita 20, watau jarka guda cur, har a watan Afrilu da rijiya ke ja baya. Dole shanun su zama na turke, don wanda ya tafi kiwo can yake barin kashinsa. Gida nawa ne a komin ɗinmu ke da shanu uku ko huɗu a ɗaure duk shekara? Yawanci bijimin amalanke ne da awakin mata. Ga kuma matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011, wadda ta sa tukunyar gaz ta shigo garuruwa.

Akwai kuma tambayar da takardun ba sa yi, tunda sun riga sun kira abin shara: na wane ne? Takin turke na maigida ne, shi ke kwasa zuwa gandu kafin shuka. Hayaƙin murhu da tallen ruwa na uwargida ne da ƴaƴanta mata. Ramin biyogaz yana buƙatar kashin wancan da jarkar wannan kowace safiya, kuma ba a gina shi ba tukuna sai an san wa zai kwashi tsakin, gonar wa za a kai shi.