Koci Da Kulob: Me Ya Sa Namu Ba Sa Daɗewa?

Jama'a, duk ranar da Pillars ta sha kashi, kafin mutane su gama fita daga filin Sani Abacha an fara "a kori koci". Su kuma waɗannan masu ihun, da daddare a gidan kallo, su ne ke ba ka labarin Ferguson da Wenger kamar 'yan unguwarsu. To bari mu ɗan koma tarihi.

Manyan kulob ɗin Ingila da yawa daga wajen aiki suka fito. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa Newton Heath a 1878, wadda ta zama Manchester United. Arsenal kuwa ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka haɗa ta a 1886. West Ham daga kamfanin ƙera jiragen ruwa ta taso a 1895. Daga baya suka tsaya da ƙafarsu, suna cin kuɗin ƙofa da na talla da na talabijin.

Mu ma a Kano kusan haka muka faro. Tambayi dattawa labarin Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan Raccah na fataucin gyaɗa, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978. Ita kanta Pillars a 1990 aka samar da ita ta hanyar haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ka lura, biyu daga ciki ƙungiyoyin wuraren aiki ne. Zamanin nan ne Bompai da Sharada da Challawa ke cike da ma'aikatan masaƙu da majemu da kamfanonin roba da alawa, mutanen da ke da albashin da za su sayi tikiti ran wasa.

Sai SAP ta zo a 1986, Naira ta faɗi, wuta ta zama sai an ga dama, atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Masana'antu suka yi ta rufewa. Kamfanin da ke fama da kuɗin gas ɗin janareto ina ya ga na riƙe kulob? Ƙwallo ta koma wuyan gwamnati, kuma duk abin da ke hannun gwamnati, in mulki ya canza, shugabanni sun canza, su ma sai su zo da nasu kocin.

Duba lissafin nan. Ferguson ya kama United a 1986, bai ɗauki kofin komai ba sai 1990, shekarar da aka haifi Pillars. Aka yi haƙuri da shi, ya zauna har 2013, ya ci gasar Firimiya 13. Wenger ya yi daga 1996 zuwa 2018.

Mu kuma fa? Kadiri Ikhana ya kawo mana kofin farko a 2008. Shekarar da ta biyo baya, da muka fitar da Al Ahly muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, wani ne daban a benci, Ivo Sajh ɗan ƙasar Slobeniya. Baba Ganaru ya ci 2012 da 2013 a jere, amma na 2014 Okey Emordi ne ya ɗauko. Ibrahim Musa Jugunu ya ci kofin ƙalubale a 2019 a Kaduna. Duk cikinsu babu wanda ya yi shekara biyar a jere. A nan ko ka ci kofi kujerarka ba ta da tabbas. A 2022 Masu Gida suka faɗa rukuni na biyu, sai 2023 suka dawo.

Wani zai ce ai Ingila ma yanzu korar koci suke kamar canza riga. Gaskiya ne. Amma can in koci ya tafi, yana barin makarantar horar da yara da masu farautar 'yan wasa da kwantiragi a rubuce. Nan sau da yawa in ya tafi, 'yan wasansa ma bin sa suke, a sake sabon lale.

Yanzu Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 a rigar Pillars, ya kuma buga wa Leicester, shi aka naɗa janar manaja a 2025. Ya ga tsarin can da idonsa. Shawarata: duk kocin da aka ɗauka a ba shi shekara uku cur, a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, sannan a tafi Challawa da Sharada da Bompai a nemi kamfanonin da suka rage su zuba kuɗi, sunansu ya hau riga. Mu 'yan kallo kuma mu rage jifa da zagi, haƙuri ne ke dafa dutse.

Ku da kuka ga zamanin Rovers, ku faɗa mana yadda abin yake a lokacin.

Sai Masu Gida!