Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Jami'a: Tarihinsa da Ayyukan da Ya Haifar

Gabatarwa

Sau da yawa idan ɗalibi ya ce ilimin halayyar ɗan Adam yake karantawa, wato saikoloji, tambayar da iyaye kan fara yi masa ita ce, "To, in ka gama wane aiki za ka yi?" A wannan maƙala za mu nemi amsa daga tarihi, domin masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Asalin Fannin

Tun da daɗewa masana ke nazarin zuciya. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, da hanyoyin magance su. Amma fannin bai tsaya da ƙafafunsa a jami'a ba sai a 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus.

Yadda Ayyukan Suka Samu

Idan muka lura, buƙata ce ta haifi kowane aiki na wannan fanni. A 1896 Lightner Witmer ya buɗe wurin duba yara masu fama da matsalar karatu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, wanda ya zama tushen aikin masanan a asibiti. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara gwajin basira a Faransa, don gano ɗaliban da ke buƙatar kulawa ta musamman. A 1917 kuwa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar sojan Amurka ta fara gwada fahimtar kuratanta, daga bisani kamfanoni suka ari dabarar wajen ɗaukar ma'aikata. Da haka asibiti da makaranta da bariki da ma'aikata suka buɗe wa masanan ƙofa.

A Nijeriya

Jami'ar Nsukka ce ta fara kafa sashen wannan fanni a 1964. Kafin nan, a 1954, likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama cikin ƙauyuka tare da 'yan'uwansu, har da masu maganin gargajiya yake tuntuɓa. Ya nuna cewa ba a warkar da zuciya sai an san harshe da al'adar mai ita. A Janairun 2023 aka rattaba hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata.

Kammalawa

Tunda buƙata ce uwar waɗannan ayyuka, to ga ta nan jibge a gabanmu: 'yan gudun hijira, da matasan da shaye-shaye ya ɗaiɗaita, da fursunoni, da ɗaliban da suka rasa mai ba su shawara. Da yawansu ba za su iya amayar da cikinsu ba sai da Hausa. In ba mu karanci fannin ba, wa zai saurare su?